Amana a Tsakar Gidan Baba Badaru

A Umdurman, nan ƙasar Sudan, duk tsohon da furfura ta kama, "ya Hajj" ake ce masa, ko da bai taɓa ganin teku ba. Baba Badaru kaɗai na sani wanda ba ya amsa wannan kira. In mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya ce masa ya Hajj, sai ya yi kamar da wani ake. In an matsa masa ya juyo ya ce, "Ban ƙarasa ba tukuna, ya waladi, ɗana. Muna kan hanya." Yana faɗin haka yana tsaye a ƙofar gidan da ya shekara arba'in a ciki, da silifas ɗinsa, da butar ban-ruwa a hannu. Ni dai dariya nake yi, don ban ga alamar matafiyi a jikinsa ba.

Sunana Fadila. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, kuma gajeriya ce, in na hau kan turmi ina ganin komai. Kisra nake yi in sayar, siririyar wainar dawar nan da mutanen garin nan ba sa iya cin miya sai da ita, saboda haka rabin rayuwata a bakin wuta na yi ta a tsakar gida, kunnena kuma yana maƙwabta. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Baba Badaru a rai a ƙarshen zamansa da mu: ya ɗauke matarsa daga tsakar gidansa, inda yaƙi ya sa muka binne ta, ya kai ta maƙabarta cikin mutane. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Ni na yi mata wanka, kuma ina wurin ranar da aka zo ɗaukar ta.

Kakansa ne ya taso daga wajen Gumel da ƙafa, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a yankin Jazira na ƙasar nan, ya tsaya cirar auduga kafin ya ci gaba, auduga ta riƙe shi har ya mutu. Amma bai taɓa yarda cewa ya zauna ba. Ya hana 'ya'yansa abu biyu, gini da jan bulo, da kuma dasa itace a ƙasa. Wai wanda ya dasa itace ya gaya wa Allah ke nan ya fasa tafiya. Gidaje da yawa na mutanenmu sun taso da irin wannan magana, yawancinsu sun watsar da ita tun zamanin iyayenmu. Baba Badaru kuwa ya riƙe ta gam. Aikinsa kula da injinan ban-ruwa ne a gonakin wajen Jabal Awliya, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tura ruwa gonakin wasu, shi ba shi da ko taki ɗaya.

Da ya yi ritaya, watannin farko ya zame wa matarsa Inna Sakinatu alaƙaƙai. Mutumin da ya saba da ƙarar inji tun asuba, sai ga shi zaune a gadon igiya yana kallon yadda ake yanka albasa, har yana ba da shawara. Wata rana na ji ta ta katanga tana cewa, "Malam, don girman Allah ka nemi abin yi, ko ka koma wa injinanka su riƙa biyan ka da hayaƙi." Washegari ya dawo daga kasuwa da garewanin mai da ba komai a ciki, ya huda gindinsu da ƙusa, ya cika su da ƙasar bakin Nilu.

Na leƙo na ce, "Baba, ina maganar kaka?"

Ya ce, "Cewa ya yi kar a dasa a ƙasa. Wannan garwa ce, ya bitti, 'yata. Ranar da tafiya ta tashi sai in ɗauki abina."

Kafin shekara biyu tsakar gidan ba wurin sa ƙafa. Garwa, gwangwanin madara, tsohon bokiti, tukunyar da ta huje, har bahon wankin Inna Sakinatu sai da ya sace mata, ta yi mako tana masifa. Akwai lalo, kuɓewa, barkono, na'ana'a, lalle, da lemun tsami guda ɗaya a rabin duro, wanda ya ƙi girma ya ƙi mutuwa. Yakuwarsa ce abin alfaharinsa. Irinta yana cikin kwalaben magani a ƙarƙashin gado, wai daga ƙullin da kakansa ya taho da shi ne, ana shukawa ana tara iri shekara bayan shekara. Ni na ci miyarta, ban ji ta fi ta kasuwa ba, amma ban faɗa masa ba.

Da bazara ake gane shi. Wanda bai yi watan Mayu a Umdurman ba bai san rana ba. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, tsuntsaye su buɗe baki a kan waya suna haki. Mutane su shige ɗaka su rufe, gari ya yi tsit har la'asar. A wannan lokacin ne Baba Badaru yake nasa aikin, bin inuwa da garewani. Da safe suna jikin katangar gabas, rana ta ɗaga ya ja su ƙarƙashin rumfa, ta karkata ya mayar da su yamma, ɗaya bayan ɗaya, yana nishi yana yi musu magana. Ya jiƙa buhunan algarara ya rataya musu. Ruwa kuwa ko ɗigo ba ya zuba a banza a gidan. A kan garwa yake alwala, kowace salla da wadda take da rabo. Ruwan wanke-wanke na lalle ne, na wankin shinkafa na barkono. In ya gama sai ya kunna rediyonsa, ko Hamid ladanin masallacinmu ya zo su haƙa ramukan dara a gindin rumfa su yi ta musu, kowa yana rantsuwa ɗan'uwansa ya yi maguɗi. Haka ya yi shekaru yana jin daɗin ransa.

Sai yaƙi ya zo, cikin azumi, cikin bazara. Ba zan ba ku labarin yaƙi ba, kowa da nasa. Layinmu ya watse cikin 'yan makonni. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, sai ruwan mai amalanken jaki in ya samu hanya. Ɗansu tilo, Salahuddin, yana aiki a Jidda, yana ta kira yana roƙon su fito. Amma Inna Sakinatu tana da ciwon sukari, ƙafafunta sun kumbura, ba za ta iya doguwar tafiya a mota ba. Allurarta ba ta son zafi, Baba Badaru yakan naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma ya rataye ta a gindin randa inda ruwa yake ɗiga. Kwalba ta ƙarshe ta ƙare, ba inda za a samo wata. Ta rasu da hantsi, a kan gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa.

Mu uku muka rage a kusa, shi da ni da Hamid. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, masu bindiga sun tare ta ta ko'ina, kuma da irin wannan zafin gawa ba ta jira. Na yi mata wanka da ruwan da bai cika bokiti ba, na naɗe ta da farin tobinta, dogon mayafin nan na mata, don babu likkafani. Su biyu suka janye garewanin tsakiya suka yi haƙa da tsakar rana. Da gangan suka zaɓi lokacin, don a nan ne masu bindiga su ma suke neman inuwa. Ina daga bakin ɗaki ina jin saukar fartanya da numfashin tsofaffi biyu, ban da haka babu haushin kare, babu carar zakara, babu motsin komai a duk unguwar. Da suka kwantar da ita a ƙaramin ramin ciki, sai ga shi babu itacen rufewa. Baba Badaru ya shiga ɗaki ya ɓalle ƙyauren kwabarta, wani shuɗi, ya ɗora a kai, ya liƙe gefunan da laka da hannunsa.

Kafin su tura ƙasa Hamid ya durƙusa ya dafa bakin ramin. Ya ce, "Ke ƙasa, wannan amana ce muka ba ki, ba kyauta ba. Za mu dawo mu karɓa." Ya juyo ya ce mana haka tsofaffi suke yi in mutum ya mutu a hanya. In an ba ƙasa amana ba ta ci, ajiyewa take har masu abu su zo. Ni ba malama ba ce, ban san gaskiyar wannan ba. Na san dai tsigar jikina ta tashi, a cikin rana irin wannan, da na ji ana yi wa ƙasa magana kamar maƙwabciya.

Suka daidaita wurin, ba tudu ba alama. Masu bindiga in suka ga sabuwar ƙasa tonawa suke, suna zaton zinariya aka ɓoye. Saboda haka Baba Badaru ya mayar da garewaninsa a kai ya jera su tsaf, yakuwa ta wajen kai, na'ana'a ta wajen ƙafa. Tun daga ranar waɗannan ba su ƙara bin inuwa ba.

Bayan damina na samu mota zuwa Atbara wurin yayana. Na roƙe shi ya biyo ni, har kuka na yi masa. Ya ce, "In bar ta da wa? Ni na ba da amana, ni zan karɓa." Hamid ya fita bayana da kaɗan, daga baya na ji ya rasu a Shandi.

Na yi bazara guda a can, a ta biyun na dawo, da aka ce unguwarmu ta lafa. Da azahar raksha ta sauke ni. Layin ba kowa, ƙofofi a ɓalle, tumfafiya ta tsiro a bakin gidaje har ta fi mutum tsawo. Na tura ƙofarsa na shiga. Yana zaune a rumfa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, haƙoransa na gaba sun tafi. Lambun ya mutu kusan duka, garewani sun koma tsatsa da busasshen kara. Amma na tsakiya, waɗanda suke tsaye cikin rana ƙiri-ƙiri, ba rumfa ba buhu, kore shar suke. Yakuwar ta kai ƙirjina.

Bayan mun gaisa, mun yi wa juna jajen waɗanda muka rasa, na ce, "Baba, ashe duk ruwanka a nan kake ƙarar da shi?"

Ya ce, "Moya, ruwan da zan sha ma, da ƙyar nake samu. Rabona da zuba musu tun sanyi. Cire takalminki."

Na ce, "A wannan ranar? Ka ga na yi kama da mai neman ƙuna?"

"Cire dai, ki zo nan."

Na cire, na yi tsalle-tsalle a ƙasa mai zafin kaskon kisrata har na isa tsakanin garewanin. Sai na tsaya cak. Ƙasar wurin sanyi gare ta. Ba danshi ba ne, a bushe take, amma sanyin yana hawa ta tafin ƙafa har gwiwa. In ka matsa gefe kaɗan wuta ce, in ka dawo sanyi. Iyakarsa daidai tsawon mutum a kwance. Na fita da sauri na zura takalmina.

Ya ce, "Kin ji ko? Tana riƙe da ita."

Na yi ta neman dalili. Na ce ko inuwar ganye ce, ko wani tsohon bututu ne ya fashe a can ƙasa. To amma famfo bai kawo ruwa a layinmu ba tun farkon yaƙi. Sai na bar maganar. Ganyen nan kuwa bai ci ba, bai ba kowa ba, duk da yunwar da aka sha. Abin da na lura shi ne, da azahar in gari ya yi tsit, yakan fito daga rumfa ya zauna a gefen wurin, ya miƙa ƙafafunsa ciki, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Yana ba ta labarin wanda ya dawo da wanda ba zai dawo ba. Daga bayan katanga ina jin yana magana, ya yi shiru gwargwadon yadda mutum zai amsa, sannan ya ci gaba, wani lokaci har da 'yar dariya. Wannan shirun ne ba na so. Ina tuya gumi yana zuba, amma sai in ji bayana ya yi sanyi.

Da waya ta dawo, Salahuddin ya shirya masa komai, jirgin ruwa daga Sawakin, Makka da Madina, sannan ya zauna a wurinsa. Abin da kakan Baba Badaru ya mutu yana jira, ubansa ya mutu yana jira, ga shi ya zo har gida. Na zaci tsohon zai yi rawa. A wayata suka yi magana, ina riƙe masa ita a kunne. Ya ce, "Ba inda za ni sai na karɓi uwarka na kai ta cikin mutane. In na tafi, haya za a ba wasu gidan nan, su shimfiɗa tabarma a kanta, su watsa ruwan wanki. Ba za a yi haka ina raye ba."

Salahuddin ya ce, "Kalas, shi ke nan, Baba, na ji. Ai ana zagayawa ana kwashe waɗanda aka binne a gidaje. Ka jira su iso layinku, ni ma zan jira."

Gaskiyarsa ne, akwai ma'aikatan lafiya da masu sa kai da suke bi unguwa-unguwa, suna tono waɗanda aka binne a gidaje da filaye, suna kai su maƙabarta. Amma mamatan suna da yawa, su kuma kaɗan ne. Muka yi ta jira, bazara tana ƙara tsananta. Shi kuwa ya shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya samo likkafani sabo, ya je maƙabarta da ƙafarsa ya nuna inda yake so, kusa da ƙanwarta, ya wanke farar jallabiyarsa ya ninke.

Wata rana da azahar na ji yana kirana ta katanga, da wata murya da ban san shi da ita ba. Na zagaya da gudu, hannuna duk ƙullu. Yana tsaye ba takalmi a tsakanin garewanin, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya.

Ya ce, "Fadila, ƙasa ta yi zafi."

Na durƙusa na dafa, sai da na janye hannuna. Zafinta ɗaya da na ko'ina. Yakuwar da na gani tsaye da safe ta sunkuyar da kai, ganyen na'ana'a ya naɗe. Na ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Baba, rana ce, yau ta fi kullum." Ya dube ni yadda ake duban mai ƙarya, ya je ya ɗebo ruwan shansa na ranar kaf ya juye a garewanin. Cikin 'yan kwanaki duk suka bushe. Daga nan bai ƙara zama a wurin ba, bai ƙara kunna rediyo ba. Sai ya koma ƙofar gida yana kallon bakin layi, ko masu tonon za su ɓullo.

Da hantsi suka zo, da takunkumi a fuska da safar hannu da doguwar jaka fara. Shugabansu wani dogon mutum ne mai sanyin murya, da gani ya gaji da ganin abin da yake gani. Maƙwabtan da suka dawo suka taru a ƙofa. Baba Badaru ya sa jallabiyarsa, ya janye garewanin da kansa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Kafin a sa shebur ya durƙusa ya dafa ƙasa ya ce, "Mun zo karɓar amanarmu." Hamid ne ya kamata ya faɗa, kuma Hamid ba ya nan.

Suka haƙa. Ƙasar a bushe take har can ciki. Da ramin ya kai ƙugu shebur ya bugi katako. Suka ajiye shebur suka share da hannu, shuɗin ƙyauren ya fito, fentinsa ko kwarzanewa bai yi ba. Lakar gefen tana nan yadda aka liƙa ta, ba tsaga, har da shatin yatsun Baba Badaru a jikinta. Dogon mutumin ya ce mata su ja baya, kowa ya rufe hanci. Ni ban ja ba. Suka fasa lakar, mutum biyu suka ɗaga ƙyauren.

Ba kowa a ciki.

Ba ƙashi, ba gashi, ba ko zaren tobi. Ramin tsaf yake, ga ɗan tudun ƙasar da aka yi mata matashi, da 'yar lotsawa a tsakiyarsa inda kunci ya kwanta. Wari babu, ƙamshi babu. Ɗaya daga cikinsu ya haska fitilar waya yana neman ramin dabba ko wata kafa, ya ga bangon ko'ina a shafe yake.

Dogon mutumin ya sauke takunkuminsa, ya ce a hankali, "Ya Hajj, ko dai wasu sun riga mu? Ka taɓa barin gidan?"

Baba Badaru ya ce, "Ko kwana ɗaya ban yi a waje ba." Ya juyo yana nemana da ido. "Fadila, ke kika yi mata wanka. Faɗa musu ban haukace ba."

Na ce, "A nan muka sa ta. Da idona na ga an rufe."

Bayin Allah, don su kwantar masa da hankali suka ƙara haƙa dama da hagu har rana ta take, ba su sami komai ba. Suka ninke farar jakarsu, suka yi ta ba shi haƙuri, don akwai wasu gidajen da suke jiran su.

A cikin masu kallo akwai wata tsohuwar layinmu, Barira, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Ita ce ta ɗaga sanda ta ce, "Allahu akbar! Masu ɗauka ne. Kakanninmu suna cewa wanda ya mutu da niyyar hanya a zuciyarsa, akwai mala'ikun da suke ɗauke shi su kai shi Madina, su kwantar da shi a maƙabartar Baƙi'a. Badaru, ka yi murna, matarka ta isa." Mutane suka hau kabbara, wasu mata suna kuka. Wani magidanci ya ce da Larabci wannan zancen tsofaffi ne, aka harare shi ya yi shiru.

Na dubi Baba Badaru ina jiran in ga murnar. Yana zaune a bakin ramin, ƙafafunsa suna lilo a ciki, sabon likkafanin a cinyarsa. Fuskarsa ta wanda aka yi wa laifi ce. Ya yi magana, ba da kowa yake ba.

"Tun da na aure ta, ko gidan Fadila ba ta taɓa shiga ba ta ce mini 'Malam, na leƙa maƙwabta' ba. Ina nan zaune a gefenta kullum. Me zai hana ta faɗa mini?"

Tausayinsa ya kama ni, na zauna a kan wata garwa na rufe fuska da mayafi.

Bai daɗe ba bayan haka ya tafi. Ba wanda ya roƙe shi, shi ya ce in kira masa Salahuddin. Ya ba ni makullin gidan, ya hau motar Bur Sudan, hanyar Sawakin, da jaka ɗaya, likkafanin yana ciki, ya ce ko za a buƙace shi.

Wata rana ina tsakiyar tuya waya ta yi ƙara. Salahuddin ne daga Madina, ya ce Baba yana son magana da ni. Na yi masa barka, na tambaye shi yaya garin Manzo.

Ya ce, "Fadila, na shiga Baƙi'a. Kullum nake shiga in an buɗe. Ba suna a kan ko ɗaya, duwatsu ne kawai iyakar ganinki. Na bi layi-layi ina sallama da Hausa, da ƙarfi, har askari ya ce in rage murya. Wasu mutanen Najeriya suka yi ta amsa mini, suna zaton da su nake."

Na ce, "To Baba, ai addu'a tana isa ko a ina take."

Ina jin hayaniyar jama'a a bayansa. Can ya ce, "An cike ramin?"

Na ce, "A'a. Salahuddin ya ce in sa a cike kafin ruwa ya sauka."

Ya ce, "Kar ki bari. Ki bar shi a buɗe. In ba a nan take ba, ya bitti, wataƙila fita ta yi za ta dawo. Kar ta zo ta tarar an rufe mata wuri, kuma ba kowa a gida."

Na ce masa to.

Ramin yana nan. Kullum da azahar in na sauke kasko nakan zagaya in duba gidan, don lokacin ne masu satar ƙarfe suke yawo. Na san ba kowa a ciki, makullin yana hannuna. Duk da haka ban taɓa tura ƙofar ba sai na yi sallama, na tsaya, na saurara.